Kafin A Kira 'Yan Gwangwan

Bahaushen da ke neman abinci a Legas, yawanci a waya mutuwar nasa ke iske shi. Tsakaninmu da gida tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, mu kuwa ba a ajiye mana gawa a jira na nesa. Wanda ya cika da asuba, kafin azahar an kai shi gidansa na gaskiya. Kai kana tsakiyar kara a Oko-Oba da igiya a hannu, ko kana lissafi da mahauci a bakin Abbatuwa, sai ka sallame komai ka nemi motar dare. Ka bi ta Ilori da Jebba da Mokwa, ka isa ka tarar har ƙasar kabarin ta fara bushewa. Ka yi addu'a, ka zauna a tabarma, ana ta "ya haƙuri?" kana ta "da godiya." An yi sadakar uku ko ta bakwai, ka kamo hanya, domin tirelolin shanu daga Maigatari da Potiskum da Illela ba sa fasa shigowa don wani ya yi rashi.

Abin da ba mu cika faɗa wa juna ba shi ne, mutumin da ya dawo a haka hannunsa bai yi wa mamacinsa komai ba. Ba shi ya yi wanka ba, bai kama makara ba, bai miƙa itace a bakin kabari ba. Waɗannan ayyuka, ban da ladan da ke cikinsu, suna sauke wa mai rai nauyin ƙirji. Matar mamaci tana da takaba, wata 4 da kwana 10, kowa ya san halin da take ciki, ana kuma tausaya mata. Ɗa namiji kuwa da zarar an gan shi a kasuwa an ɗauka ya warke. In ya cika shiru a ce zurfin ciki gare shi, in hawaye ya kubce masa a ce, "Haba, kai da za ka ba wasu haƙuri."

Saboda haka nake so in kare wani abu da mutanenmu ke yi wa kallon rashin tawakkali, wato mai rashi ya ɗauki tsohon abin aikin mamacinsa ya duƙufa yana gyarawa da hannunsa. Na yi shi, na kuma sha magana a kansa.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, dillalin shanu ne. Ya sauka Agege tun shekarun 1970, lokacin da jirgin ƙasa bai daina kawo dabbobi daga Arewa yana komawa da goro ba. Da ciwo ya yi tsanani ya ce a mai da shi gida, wani ƙauye a ƙasar Funtuwa, a can ya cika. Cikin abin da ya bari a Oko-Oba akwai Land Rover ƙirar Series III, mai dogon jikin nan da ake kira 109, wadda ya saya a gwanjon motocin gwamnati. Da ita ya yi shekaru yana shiga rugagen Fulani na yankin Oke-Ogun, wajen Iseyin da Saki, hanyoyin da in damina ta zauna ba mai shiga sai irinta. Da ƙarfinsa ya ragu aka ɗora ta kan duwatsu a bayan gida, har kaji suka mai da ita akurki.

Ba a yi arba'in ba 'yan gwangwan suka fara sallama. Ban ga laifinsu ba, sana'arsu ke nan, yaranmu ne kuma masu ci da guminsu. Su a sikeli suke saye: alminiyam da kuɗinsa, baƙin ƙarfe da nasa, lagireto da wayoyi da nasu. A wuni ɗaya za su daddatsa ta su loda a baro. Yayyena maza sun amince a sayar a huta. Ni na roƙi a dakata mini.

Wanda bai san irin motar nan ba zai ce me za a gyara a ciki. An fara fito da Land Rover a Ingila a 1948, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da gwamnati ke rabon baƙin ƙarfe da awo. Shi ya sa aka yi jikinta da alminiyam, shi ya sa kuma za ka ga ta shekara 40 a danshin Legas fatarta ba ta huje ba. Series III an yi ta daga 1971 zuwa 1985. Injinta mai silinda 4 ne, lita 2.25, babu kwamfuta a ciki, babu abin da sifana da guduma da haƙuri ba za su kwance ba. Ƙofofi da rufi da fukafukan gaba duk da noti aka ɗaure su. Kusa da giya akwai sanduna biyu, mai rawayan kai da mai jan kai. In ka danna mai rawaya tayoyin gaba su shiga aiki, in ka ja mai ja ta koma giyar ƙarfi, ta riƙa rarrafe cikin taɓo ba ta tsayawa. An ƙera ta ne don mai ita ya gyara ta a ƙarƙashin bishiya. A Ingila motar da ta haura shekara 40 ana iya rubuta ta a motocin tarihi, a ɗauke mata harajin hanya. Kamfanin ya daina ƙera tsohuwar Defender, magajiyar wannan, a Janairun 2016, tun daga nan kuma masu neman tsofaffin suka ƙaru.

Na je na ɗauko bakaniken da ke yi wa Baba aiki tun ina yaro, wani dattijo Bayarabe da ke jin Hausa irin ta Agege, ya kuma daɗe da barin wa 'ya'yansa gareji. Bai ko buɗe kan injin ba. Ya karɓi ƙaramar guduma ya shiga ƙarƙashi, ya bi shasi daga gaba zuwa baya yana ƙwanƙwasawa yana saurare. Da ya fito ya ce, "Ɗan Alhaji, jiki ba shi ne mota ba. In wannan ƙarfen na ƙasa ya tafi, kada ka ɓata kuɗinka." Na ce, "Baba, ya tafi?" Ya ce baya ya ruɓe, tsakiya yana nan, za ta gyaru.

Daga nan aiki ya kankama. Shasi baƙin ƙarfe ne, shi da bangon da ya raba injin da direba, su tsatsa ke ci. Mai walda ya yanke gindin baya ya ƙera sabo, ya cike wajen taka ƙafa inda ake hango ƙasa. Sifirin ganyensa sun manne da juna, muka warware su ɗaya bayan ɗaya, na zauna da burushin ƙarfe ina gogewa ina shafa giris. Birki ya ƙame. Ɓeraye sun cinye wayoyi, sai da mai aikin wuta ya sake su kaf. Injin kuwa ya ƙi juyawa, Baba bakanike ya cire fulogi ya ɗura mai a ramukan, ya ce a bar shi ya jiƙa. Kullum in na taso kasuwa sai in zura ƙarfen nan da ake tayar da ita da shi ta gaba, in ɗan danna, in bari. Ya hana ni yi da ƙarfi, ya ce ringi za su karye. Ranar da fistin suka saki ƙarfen ya zagaya, na zauna a kan dutse na yi kukan da ban yi a Funtuwa ba. Dattijon bai ce mini komai ba, ya ci gaba da wanke kafireta a kwanon fetur.

Kaya mun nemo su a Ladipo da ke Mushin, wasu a tulin tsofaffin ƙarafa na Owode Onirin, ƙanana kuma irin su roba da gasket sai an yi odarsu daga Ingila. Aikin ya faɗo a mummunan lokaci. A watan Yunin 2023 aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, Dala ta tashi daga wajen Naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,400 a farkon 2024. Abin da aka faɗa maka kuɗinsa yau, in ka tara ka koma ya ninka. Wannan ya sa aikin ya ja, muka koyi gyara abin da a da za mu jefar.

Jan da aikin ya yi alheri ne a gare ni, domin a cikinsa na san mahaifina. Da mutane suka ga an sauke motar daga kan duwatsu sai tsofaffi suka fara zuwa. Wani tsohon mahauci, wani mai goro daga Zango, wani direban tirela da ya daina tuƙi. Su ja benci su zauna, kowa da abin da ya tuna. A nan na ji cewa a cikin motar nan Baba ya kai matar bakanikensa asibiti tana naƙuda, cikin dare, ana ruwa, unguwa ta cika da ambaliya. Bai taɓa faɗa mana ba. A nan na ji sunayen waɗanda ya ɗauko daga tasha ba su san kowa ba, ya ba su wurin kwana har suka kama sana'a. A zaman makoki ba a samun wannan. Can kowa "mutumin kirki ne" zai ce, a shafa fatiha, ya ba wani wuri. Labari sai an zauna, hannu na aiki, ba mai kallon idon wani.

Masu cewa wannan ba ya cikin addini su tuna da Abdullahi ɗan Umar, Allah ya ƙara musu yarda. Ya haɗu da wani balaraben ƙauye a hanyar Makka, ya ba shi jakin da yake hawa da rawanin kansa. Abokan tafiyarsa suka ga kyautar ta yi yawa, ya bayyana musu cewa mahaifin mutumin aminin Umar ne, kuma sada zumunci da masoyan uba yana cikin mafi girman biyayya gare shi. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim, yakan kuma aika wa ƙawayen Nana Khadija nama shekaru bayan rasuwarta. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yage tufafi da jayayya da hukuncin Allah. Ba a hana tunawa ba. Ni dai motar ce ta kawo mini aminan Baba har gida, waɗanda da ban san hanyar da zan bi in same su ba.

Akwai kuma wani abu da ya fi wannan nauyi. Da muka cire kujeru, a cikin akwatin ƙarƙashin kujera muka sami ɗan littafi a leda, rubutun ajami, hannun Baba. Lissafin bashi ne, wanda yake bi da wanda ake bin sa. Yawanci an soke su da layi. Ɗaya ba a soke ba: cikon kuɗin bijimi na wani Bafulatani a wata ruga. Muka bincika ta hannun dillalai, aka samo 'ya'yansa, suka tabbatar, aka biya su daga dukiyar kafin a raba. Kowane ɗalibi ya san bashi da wasiyya suna gaba da gado. Da an daddatsa motar a makon farko, da littafin ya bi shara, da Baba yana kwance da haƙƙin wani a wuyansa ba mu sani ba. Ba kowace tsohuwar mota ke ɗauke da littafi ba, amma gaggawar share kayan mamaci tana binne abubuwa da yawa irin wannan.

Yanzu ga maganar waɗanda suka ƙi ra'ayina, don suna da hujja. Kawuna ya kira ni ya ce, "Kai yaro, kuɗin nan da rijiya ka haƙa wa ɗan'uwana da su, da ya fi amfana. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba." Na ce, "Gaskiya ne, Kawu." Har yau ina cewa gaskiya ne. In mutum abin hannunsa ɗaya zai iya, rijiya ko mota, ya haƙa rijiya. In akwai marayu ƙanana da ba a san makomar karatunsu ba, haramun ne a taɓa sisinsu a sayi fulogi. In mai gyaran zai hana iyalinsa cefane don ya sayi fenti, to ya bar haƙuri ya shiga wani abu dabam. Haka kuma motar tana shan mai, da ƙyar lita ɗaya ke kai ta kilomita 6, ga fetur da ya tashi daga wajen Naira 185 kafin 29 ga Mayun 2023 ya taɓa 1,000 kafin ƙarshen 2024. Birkinta na da ne, sitiyarinta sai da ƙarfi, ba motar tsere a babban titin Ibadan ba ce. Duk na yarda. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce duk kuɗin da mai rashi ya kashe don zuciyarsa ta lafa almubazzaranci ne. Mun san mutanen da baƙin ciki ya kai ga hawan jini, mun san waɗanda ya kai ga ƙwaya. Wanda ya kai shi ga sifana da burushi, yana sallarsa, yana ciyar da gidansa, a ƙyale shi.

Inda na fi tsananta shi ne wajen ƙima, kuma a nan masu irin ra'ayina ne ke zalunci. Motar ba ta wanda ya fi son ta ba ce, ta magada ce duka: matan mamaci da tumuninsu, 'ya'ya maza, 'ya'ya mata da rabin rabon namiji. Abin da na sha gani shi ne ɗa namiji ya ce, "Ai tsohon ƙarfe ne," a yi mata kuɗin sikeli, ya ɗauka a rabonsa, bayan shekara ya gyara ya sayar da ninkin-ba-ninkin. 'Yan'uwa mata, waɗanda yawanci suna gidajen aurensu a Arewa ba su ga motar ba, su ake cuta. Babbar yayarmu ta faɗa mini a waya, "Ka gyara, Allah ya yi maka albarka, amma ka biya mu daidai, kada ka sa Baba ya ji kunya." Muka kira ɗan gwangwan ya yi tayi, muka kira wani mai sayen tsofaffin motoci irin wannan shi ma ya yi, tayinsa ya ninka na farko. Da babban tayin aka rubuta ta a gaban malamin da ya raba gadon, na ɗauke ta a rabona, na cika abin da ya hau kaina. Wanda ba zai iya wannan ba, ya bari a sayar wa mai tayi mafi tsoka a raba kuɗin. Son mamaci ba ya halatta cin haƙƙin 'ya'yansa.

Sannan in an gyara a sa ta aiki. Ban ga amfanin a wanke mota a rufe da tamfol ana leƙawa ba. Wannan kam ya kusa zama abin da Kawu yake tsoro. Tamu ta sami takardunta da shaidar lafiya daga jami'an duba motoci, tana ɗaukar dusa da harawa, tana zuwa ruga. In damina ta ɓata lungunan bayan Abbatuwa, ita ke fito da mara lafiya zuwa titi. In an yi rasuwa a unguwa ana ɗaukar gawa da ita zuwa maƙabarta, ba a karɓar ko kwabo, da niyyar ladan ya isa ga mai ita na farko. Wannan shawarar ƙanwar mahaifiyata ce, ba tawa ba.

Wani abin da aikin ya nuna mini shi ne yadda masu sanin irin wannan gyara ke ƙarewa. A shekarun 1970 ƙasar nan ta kafa masana'antun haɗa motoci: Peugeot a Kaduna da Volkswagen a Legas a 1975, sai Leyland a Ibadan inda aka haɗa Land Rover, Steyr a Bauci, Fiat a Kano, Mercedes a Inugu. Bakanikan da suka taso a wancan zamani sun san ƙarfe da kunne da yatsa. Yau yawancinsu sun tsufa, yaran gareji kuma sun fi sanin cire tsoho a sa na Beljiyam. A gefe guda ga samarinmu da suka rasa abin yi tun da gwamnatin Legas ta hana acaba a manyan ƙananan hukumomi a 2020 ta kuma ƙara tsanantawa a Yunin 2022. Ɗan yayana yana cikinsu. Zaman miƙa sifana ya fara yi a wajen motar kakansa, yau yana koyon aiki a garejin 'ya'yan dattijon nan. Mu Hausawan Legas muna da shanu, muna da goro da gwari, muna da canji, amma in motarmu ta tsaya sai mun nemi wani. Ba abin kunya ba ne a ce ɗanmu ya sa kaya masu baƙin mai.

Maganar ba ta tsaya ga mota ba. Keken ɗinkin uwa, injin markaɗe, wuƙaƙen fawa da mawashinsu, akwatin littattafan malami, duk haka ake yi musu, a tattara a sayar a mako guda don a ce an gama. Ina kira ga malamanmu masu rabon gado, da sarakunan Hausawa da dattawan Agege da Mile 12 da Alaba Rago da Idi-Araba, su sa wannan cikin tsarinsu. Kafin a sayar da abin aikin mamaci a tambayi magada duka, maza da mata, na kusa da na gida Arewa, ko akwai mai so. A buɗe a bincika ko akwai takarda ko lissafi a ciki. A nemo tayi biyu, a rubuta babban a gaban shaidu, a ba mai so wa'adin da zai biya 'yan'uwansa. In wa'adin ya cika bai biya ba, a sayar a raba.